Tambayoyi da Amsoshi kan Tara Kalmomin Ingilishi don Jarrabawar Adabi

Waɗanne irin kalmomi ne jarrabawar take buƙata?

Adabin Ingilishi a jarrabawar WAEC takardu uku ne: ta farko tambayoyi 50 na zaɓi, ta biyu rubutun zube, ta uku kuma wasan kwaikwayo da waƙa. Duk ukun suna neman kalmomi iri biyu. Akwai kalmomin fannin kansa, irin su *simile*, *metaphor*, *personification* da *theme*, waɗanda ɗalibin da ya yi adabin Hausa ya riga ya sani da sunayen kamantawa, siffantawa, mutuntarwa da jigo, don haka suna kawai zai koya, ba ma'ana ba. Sai kuma kalmomin bayyana halin ɗan wasa da yanayin waƙa, kuma a nan ne ɗalibai suka fi rauni, domin wanda ba shi da komai sai *good* da *bad* ba zai iya bambance mai rowa da mai tattali ba, balle waƙar da ke makoki da wadda ke habaici.

Shin haddace jerin kalmomi daga ƙamus yana da amfani?

Amfaninsa kaɗan ne. Kalmar da aka tsinko ba tare da jimlarta ba takan ɓace, ko kuma a sa ta inda ba muhallinta ba. Abin da ya fi shi ne ɗalibi ya ware littafin rubutu, duk kalmar da ta tsayar da shi a littattafan manhaja ya kwafe ta tare da jimlar da ta zo a ciki, ya duba ta a ƙamus na Ingilishi zalla wanda ke kawo misalai, sa'an nan ya gina tasa jimlar a kan wani ɗan wasa na littafin.

Yaya za a yi da baƙuwar kalma a nassin da ba a taɓa gani ba?

Takarda ta farko takan kawo gajeren zube da waƙa daga wajen manhaja, kuma ba a shiga da ƙamus. A nan sanin saiwar kalma yake taimakawa, saboda yawancin manyan kalmomin Ingilishi sun fito ne daga Latin, Girkanci da Faransanci, musamman bayan Normandawa, masu magana da Faransanci, sun ci Ingila da yaƙi a 1066. Wanda ya san *bene* na nufin alheri, *mal* kuma sharri, zai gane *benevolent* da *malevolent* ko da ranar ce ya fara ganinsu. Sai dai a riƙa gwada hasashen da sauran jimlar, domin saiwa takan yaudari mutum.

Turancin Shakespeare fa?

Shakespeare, marubucin wasan kwaikwayo ɗan Ingila, ya rasu a 1616, kuma harshen ya sauya tun daga lokacin. *Thou* da *thee*, wato tsofaffin kalmomin *you*, ba su da wuya. Haɗarin yana ga kalmomin da suka yi kama da sanannu: *wherefore* na nufin "don me", ba "ina" ba. A nemi bugu mai bayani a gefen shafi, a kuma karanta da babbar murya.

Ta yaya za a hana mantuwa?

Tun a 1885 Bajamushe masanin halayyar ɗan Adam Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan koyo. Saboda haka a maimaita kalmomin washegari, sai bayan mako, sai bayan wata, kuma a rufe ma'anar a gwada tunowa kafin a duba.

Manyan kalmomi suna ƙara maki?

Suna ƙarawa ne idan sun dace da wurin. Mai gyaran takarda hujja daga cikin littafin yake nema, kuma kalma mai nauyi da aka sa ba daidai ba takan rikita amsar da za ta iya samun cikakken maki da sauƙin Turanci.