Jaguar XJ6

Jaguar XJ6 mota ce mai ƙofa huɗu da kamfanin Jaguar na ƙasar Birtaniya ya fara ƙerawa a shekarar 1968, a masana'antarsa ta Browns Lane da ke birnin Coventry. Ita ce salun ta ƙarshe da Sir William Lyons, wanda ya kafa kamfanin, ya sa hannu sosai wajen tsara siffarta. Har yau tana cikin tsofaffin motocin Ingila da masu sha'awa suka fi nema, saboda laushin tafiyarta da kuma sauƙin kuɗinta idan aka gwada da sauran motocin alfarma na zamaninta.

An fitar da ita zubi uku. Na farko daga 1968 zuwa 1973, da inji mai silinda shida, lita 2.8 ko 4.2, wanda asalinsa injin Jaguar ne mai suna XK na 1948. A 1972 aka ƙaro XJ12 mai silinda goma sha biyu da lita 5.3. Zubi na biyu (1973 zuwa 1979) ya faɗo lokacin da Jaguar ke ƙarƙashin babban kamfanin motoci na British Leyland, shekarun yajin aiki da sakaci a masana'antu, kuma a nan ne sunan motar ya fi ɓaci wajen ingancin haɗi. A zubi na uku, na 1979, kamfanin Pininfarina na Italiya ya gyara rufinta da gilasanta, aka kuma cire wa injin 4.2 kafireto aka sa masa na'urar fesa mai. An daina ƙera mai silinda shida ta wannan zubin a 1987, mai goma sha biyu ta kai 1992. Akwai kuma irin da aka sayar da sunan Daimler, wadda ta fi ƙawa a ciki.

Ga mai niyyar saye, bodi ne abin dubawa kafin komai. Inji ana iya kwance shi a sake haɗawa, kayan gyaransa kuma suna samuwa, amma tsatsa na cin kuɗin walda da fenti har su zarce darajar motar kanta. Gishirin da ake watsawa a titunan Ingila lokacin sanyi ne ya kashe da yawa daga cikin motocin. Wuraren da ta fi kamawa su ne ƙasan ƙofofi, daɓen mota, bakin tayoyin baya, gindin gilashin gaba da na baya inda ruwa ke kwanciya, da inda ƙarafan ƙafafun baya suka kama jikin motar. Tankunan mai guda biyu ne, ɗaya a kowane gefen baya, su ma sukan ruɓe daga ciki. Sabon fenti mai ƙyalli a kan tsohuwar mota ba abin kwanciyar hankali ba ne, sai an leƙa ƙarƙashinta da fitila.

Injin 4.2 yana da juriya muddin bai taɓa yin zafi fiye da kima ba, don haka lagireto da ƙarfin bugun baƙin mai bayan inji ya ɗumama su ne ma'auni. Na 2.8 ya yi ƙaurin suna wajen ƙone fistin. Birkin baya an kafa shi ne can ciki kusa da tsakiyar motar, ba a jikin taya ba, abin da ya taimaka wa laushin tafiya amma ya sa gyaransa ke da wahala, har wani aikin sai an sauke ƙafafun baya gaba ɗaya. Wayarin na kamfanin Lucas ne, kuma yawan matsalarsa daga tsufan wayoyi da dattin mahaɗa take fitowa. Motar tana shan mai sosai.

Kujerun fata da katakon gaban direba suna da tsada wajen sabuntawa, shi ya sa motar da cikinta ke da kyau ta fi wadda aka ce "ɗan gyara kaɗan ya rage". A Birtaniya, motar da ta haura shekara 40 ana iya yafe mata harajin hanya da gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, wanda ke nufin ba lallai wani ya duba lafiyarta kwanan nan ba. Gidauniyar Jaguar Daimler Heritage Trust tana bayar da takardar shaida da ke nuna ranar ƙira, launin asali da lambar inji, a gwada da abin da ke jikin motar. Waɗanda aka yi wa kasuwar Birtaniya sitiyarinsu a dama yake, waɗanda aka kai Amurka kuma a hagu.