Jirgin Kaduna da ya goce a Asham: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Tun da jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ya goce daga layinsa a Asham, wata tasha da ke kan hanyar, ranar 26 ga Agusta, 2025, tambayoyin nan ake ta jefo mini. Kowa ya ɗauki tasa.

Mutum nawa suka mutu?

Ko ɗaya. Wasu dai sun ji rauni. Wanda ya ce maka ya ga gawarwaki, tambaye shi a ina.

'Yan bindiga ne?

A'a. Wancan na Maris ɗin 2022 ne, a kusa da Katari, inda aka tayar da bam a kan layi, aka kashe mutane, aka kwashe fasinjoji zuwa daji, jirgin bai dawo aiki ba sai Disamba. Don Allah ku daina haɗa su.

To me ya sa aka cika gari da maganar?

Saboda tarago a kwance abin ɗauka ne a waya. Alhali kuwa hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana ƙirga sama da mutum 5,000 da ke mutuwa a titunan Najeriya a shekara guda. Tirela ta kife da mutane, a yi jaje, washegari an wuce wurin.

Zan kai mahaifiyata asibiti a Abuja, jirgi ko mota?

Nan ne ba na son yanke wa kowa hukunci. In haɗari kawai ake dubawa, ni jirgi zan sa ta, ba shakka: babu gudun direba, babu ramuka, ga wurin miƙe ƙafa. Amma fa jirgin daga Rigasa yake tashi, ya ajiye ku a Kubwa ko Idu, sai kun sake hawa mota zuwa cikin gari. Tikiti kan yi wuya, wani lokacin kuma jirgi kan tsaya a hanya. In likita ya ba ku ƙarfe tara na safe, ku tafi tun ana gobe. Sannan ka tambaye ta. Tsohuwar da za ta yi tafiyar da zuciya a hannu, hawan jini kaɗai ya ishe ta, ko da hanyar lafiya lau ce. In ta ce mota, ku nemi direban da kuka sani, ku fita da rana.

Kenan hukumar jirgi ba ta da laifi?

Yaushe na ce haka? Jirgi ba ya sauka daga layi haka siddan. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta ƙasa, NSIB, ce ke binciken irin wannan haɗarin, rahotonta ya kamata 'yan jarida su bi har a ga an gyara, ba su tsaya kan hoton ranar farko ba.

Bidiyon da aka turo mini a WhatsApp fa?

Kada ka tura wa kowa sai ka san inda aka ɗauke shi.