Waiwaye: yadda aka yi lambobin wayarmu suka koma hannun Google

Duk wanda ya riƙe Nokia a Gadarif ko Maiurno a da ya san wahalar canza waya, siim ba ya ɗaukar lambobi da yawa, ragowar kuma sai ka zauna da biro da takarda kana kwafa, ko ka kai wa yaron shago a suk ya yi ta tura maka ɗaya-ɗaya ta Bluetooth.

Matsalar nan ta girmi Android nesa ba kusa ba. A 1996 kamfanin Palm ya fito da Pilot, 'yar na'urar aljihu, ka ɗora ta a mazauninta ka danna maɓallin HotSync sai lambobi da kalanda su daidaita da na kwamfuta. To masu Linux, wani tsarin tafiyar da kwamfuta na kyauta, ba a yi da su ba, shi ya sa suka rubuta nasu, pilot-link da J-Pilot, kyauta kuma kowa na iya buɗe cikin manhajar ya gyara. A 2000 su Nokia da Ericsson da IBM da Motorola suka haɗu a kan wata ƙa'ida mai suna SyncML don wayoyi su riƙa jin yaren juna, kamfanin Funambol kuma ya yi buɗaɗɗiyar manhajar saba a kansa, saba kuwa ita ce kwamfutar da ke ajiye bayanan tana raba wa wayoyi.

Sai Android ya zo a 2008, ka sa Gmail ɗinka kawai komai ya dawo, wa zai tsaya wahala kuma? Amma mu nan Sudan abin bai zo mana da sauƙi ba, a lokacin takunkumin Amurka na kanmu tun 1997, Play Store ma sai da VPN, sai a 2015 aka sassauta a kan manhajojin sadarwa. Lokacin ne wasunmu suka san F-Droid, wajen sauke buɗaɗɗun manhajoji irin Play Store, wanda aka fara a 2010, ba ya tambayarka imel balle ƙasarka.

Masu buɗaɗɗiyar manhaja dai ba su bar aikin ba, akwai ƙa'idojin daidaita bayanai, CalDAV na kalanda da CardDAV na lambobi, akwai Nextcloud, manhajar kafa saba taka ta kanka, da ya ɓalle daga wata irinsa mai suna ownCloud a 2016, ga DAVx5 a waya mai haɗa ta da sabar. Gaskiya ni ban ga yadda talaka zai kafa saba ba, da wace wutar? Tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 shabaka take zuwa tana ɗaukewa, wanda ya canza layi a hanyar gudu kuma lambar tabbatarwa ba za ta same shi ba, akawun ɗinsa na Google ya tafi ke nan. Shi ya sa na fi yarda da fayil ɗin vcf, wanda ke tattara lambobinka waje ɗaya, ka shiga wajen lambobi ka fitar da su gaba ɗaya zuwa memori, ka tura wa ɗan uwanka na Jidda kwafi ɗaya ya ajiye maka.