Waiwaye: Wannan Rigimar Kodek Ba Yau Ta Fara Ba

Duk inda editocin bidiyo biyu suka haɗu yanzu, ko a gidan talabijin ko a ɗan sutudiyo na bayan layi, maganar ɗaya ce, wane kodek, wato tsarin matse bidiyo a cikin fayil, za mu yi aiki da shi kuma wanne za mu ajiye da shi. Wani ya ce ProRes, wani ya ce DNxHD, wani kuma ya ce ku dai ku bar mu da H.264 tunda ba ya cin wuri. Masu tasowa gani suke kamar sabuwar magana ce, alhali abin ya jima yana dahuwa.

Tarihin farko kowa ya san shi. Kaset ɗin U-matic a 1971, na Betacam a 1982, sai DV a 1995 wanda ya kawo ƙananan kaset ɗin MiniDV da masu fim a Kano suka daɗe suna aiki da su, awa ɗaya wajen giga 13 idan ka zuba a kwamfuta. H.264 ya fito 2003, DNxHD 2004, ProRes 2007. Bambancinsu ba boyayye ba ne, H.264 yana ajiye cikakken hoto ɗaya ne sannan ya riƙa rubuta abin da ya canza a hotunan da ke biye, shi ya sa fayil ɗinsa ƙarami amma kwamfuta tana nishi wajen editin, su kuwa ProRes da DNxHD kowane firem cikakke ne, yanka ba wahala, sai dai cin wuri.

Amma ni inda nake ganin abin ya karye shi ne 2011, kuma ba kasafai ake ambatonsa ba. A watan Maris na shekarar girgizar ƙasa da ambaliyar teku suka afka wa arewa maso gabashin Japan, ruwa ya shiga masana'antar Sony da ke yankin Sendai inda ake yin kaset ɗin HDCAM SR da manyan gidajen talabijin ke aiki da shi, nan take kaset ya yi ƙaranci a duniya, manyan gidajen talabijin da suke ta jan ƙafa wajen barin kaset dole suka koma fayil ba shiri. Ba a gama wannan ba, wajen watan Oktoba ambaliya ta mamaye masana'antun diski a Tailan, farashin diski ya kusa ninkawa. To ka duba fa, shekara ɗaya, kaset ya yi wuya, wurin zuba fayil ya yi tsada.

Abin da mutane ba su lura ba shi ne kaset da kansa rumbu ne. Ka ɗauka, ka rubuta suna da biro a jikinsa, ka ɗora a kanta, ko ba ka yi niyyar ajiya ba ka ajiye. Katin memori na kyamara kuwa gobe da safe ana buƙatarsa a lokeshan, dole a kwashe a yi masa fomatin, kuma daga ranar ajiya ta zama abin da sai wani ya zauna ya yanke shawara ya kuma fitar da kuɗi. Wa zai yanke? Galibi yaron da ke kan kwamfuta ne da ƙarfe biyun dare, diski ya cika, ga aiki na jira. Awa ɗaya ta ProRes 422 HQ a 1080 ta haura giga 80, in ya matse ta zuwa H.264 ba za ta wuce 'yan giga ba, wallahi ko ni ne a kujerar abin da zan yi ke nan. Sai a goge na asali a bar matsattsen, shi ne ya zama masta. Na taɓa neman hirar wani dattijo da muka ɗauka da hannunmu, abin da na samu kwafi ne na kwafi, fuskarsa duk ta dame, har yau abin yana ci min rai.

Kuma kowane sake matsewa yana cin wani abu da ba ya dawowa. Juya matsattsen fayil zuwa ProRes ba ya maido da komai, girma kawai yake ƙarawa.

Masu rumbun tarihi sun daɗe da raba tambayar gida biyu, kodek na editin daban, na ajiya daban. Wasunsu suna amfani da kodek ɗin JPEG 2000 a cikin fayil nau'in MXF, wasu FFV1 wanda ba ya zubar da ko ɗigo na hoton, yana cikin manhajar sarrafa bidiyo ta FFmpeg tun 2003 kuma a 2021 aka rubuta ƙa'idarsa a fili yadda kowa zai iya gina manhajar buɗe shi ko bayan shekaru. Abin mamaki da yawansu a kan kaset suke zubawa, kaset ɗin ajiyar bayanan kwamfuta da ake kira LTO, kwafi biyu a wurare biyu. Mu kuwa har yanzu kodek ɗaya muke nema da zai yi mana editin, ya tafi iska, ya hau YouTube, ya kuma zauna shekara 30, a kan diski guda da ke cikin durowar edita.