Wace ce "hukumar makaranta" a labaran Amurka?

Tun ranar 20 ga Maris na 2025, da Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan umarnin fara shirin rufe ma'aikatar ilimi ta tarayya, kalmar "hukumar makaranta" ta yawaita a bakin masu sharhi, a rediyo da Facebook. Yau ka ji an ce hukumar makaranta ta kwashe wasu littattafai daga laburare, gobe ka ji iyaye sun yi wa hukumar makaranta ca a wurin taro, jibi wani ya ce tunda za a rufe ma'aikata, makarantun gwamnati sun zama marayu. Abin da ke damuna shi ne, mutane iri uku ake curewa a cikin kalma ɗaya, sannan a jingina su ga gwamnatin tarayya, wadda ita ce mafi ƙarancin hannu a harkar.

A wurinmu, idan aka ce hukumar makaranta, kowa ya san firinsifal ake nufi da mataimakansa da manyan malamai, ma'aikatan gwamnati waɗanda takardar canjin wurin aiki ta kawo su, ita ce kuma za ta ɗauke su. A labaran Amurka ba su ake nufi ba. Can an yanka ƙasar gunduma-gunduma don harkar makarantu kaɗai, gundumomi kusan 13,000, kuma iyakar gundumar makarantu ba lallai ta zo daidai da ta gari ko ta ƙaramar hukuma ba. Kusan kowace gunduma tana da majalisa, galibi ta mutum biyar, ko bakwai, ko tara, waɗanda a mafi yawan wurare mazauna gundumar ne ke zaɓen su da ƙuri'a. Akasarinsu ba malamai ba ne. Za ka tarar da likitan haƙori, da manomi, da uwar 'ya'ya, da ɗan fansho, da yawa ba su karɓar albashi sai ɗan alawus ko ma ba komai. Waɗannan su ne ake fassara mana da "hukumar makaranta". Da an ce majalisar gundumar makarantu, da an rage ruɗani.

Majalisar ce ke amincewa da kasafin kuɗi, ta shata wace unguwa za ta kai 'ya'yanta wace makaranta, a jihohi da dama ma tana da ta cewa kan harajin gidaje da filaye da ake tarawa don makarantu. Babban aikinta kuma shi ne ɗaukar mutum ɗaya a kwantiragi ya tafiyar da gundumar kullum. Shi ne suke kira sufuritanda, ba irin na 'yan sanda ba, ƙwararre ne a harkar ilimi. A ƙarƙashinsa firinsifal yake, mai riƙe da makaranta guda. Ita kuwa ma'aikatar tarayya, wadda aka kafa da dokar 1979 a zamanin Jimmy Carter, ba ta ɗaukar malamin aji, ba ta naɗa firinsifal, ba ta rubuta manhaja. Kundin tsarin mulkin ƙasar bai ambaci ilimi ba, don haka lamarin na jihohi ne, kuma abin da tarayya ke bayarwa a kuɗin makarantu bai cika wuce kashi ɗaya cikin goma ba. Kuɗin yana da amfani ƙwarai ga yaran talakawa da masu naƙasa, shi ya sa batun rufe ma'aikatar ba ƙaramin abu ba ne, amma ba ita ke riƙe da makullan makaranta ba.

Duk wanda yake son ya ga yadda waɗannan hannuwa ke jan abu ɗaya ta fuskoki daban-daban, ya dubi abin da ya faru a makarantar sakandare ta Central da ke Little Rock, babban birnin jihar Arkansas. A 1954 Kotun Ƙolin Amurka ta haramta raba makarantun gwamnati tsakanin baƙar fata da farar fata. A 1955 majalisar gundumar Little Rock ta amince da shirin da sufuritandanta, Virgil Blossom, ya tsara: a fara haɗa ɗalibai sannu a hankali, daga Central, a watan Satumba na 1957. Ɗalibai baƙar fata tara ne suka rage a jerin masu shiga. Ranar 4 ga Satumba, dakarun tsaron jiha da gwamnan jihar, Orval Faubus, ya jibge a ƙofar makarantar suka hana su shiga. A ranar ce aka ɗauki hoton Elizabeth Eckford, yarinya 'yar shekara 15, tana tafe ita kaɗai rungume da littafinta, taron farar fata na bin ta da ihu da zagi. Sai da Shugaba Dwight Eisenhower ya turo sojojin tarayya, ranar 25 ga watan suka raka yaran tara har cikin makaranta.

Nan yawancin masu ba da labarin suke tsayawa, da gwamna da shugaban ƙasa da sojoji. Ni kuwa abin da ya biyo baya ne ya fi ja mini hankali, don a nan ne ma'anar kalmar take fitowa fili. Sojoji sun buɗe ƙofa, amma a cikin gini firinsifal Jess Matthews da mataimakiyarsa Elizabeth Huckaby ne ke karɓar ƙorafin tofa yawu da bangaza a kan matakala, ba tare da ikon sauya komai a tsarin ba. Minnijean Brown, ɗaya daga cikin taran, an dakatar da ita a watan Disamba bayan miyar da ke hannunta ta zube a kan wasu samari da ke tsokanar ta a ɗakin cin abinci, a Fabrairun 1958 kuma aka kore ta. Majalisar da ta amince da shirin da kanta sai ta ja da baya, ta roƙi kotu a ɗage haɗa ɗaliban shekara biyu da rabi. Kotun Ƙoli ta ƙi a Satumban 1958. Gwamna ya rufe makarantun sakandaren birnin guda huɗu, aka yi ƙuri'ar raba gardama, masu rinjaye suka gwammace a bar su a rufe da a haɗa yaran. Shekarar karatu guda cur ta tafi a haka, dubban ɗalibai na watangaririya.

A Nuwamban 1958, biyar daga cikin 'yan majalisa shida suka ajiye aiki, bayan sun biya Blossom kuɗin sauran kwantiraginsa sun sallame shi. Sabuwar majalisar da aka zaɓa ta rabu uku da uku. Ranar 5 ga Mayu na 1959, ukun masu sassauci suka fice daga zama, ukun masu ra'ayin wariya suka zauna su kaɗai suka yanke cewa ba za a sabunta aikin malamai da shugabannin makarantu 44 ba, har da Matthews da Huckaby, don ana zargin suna goyon bayan haɗa ɗalibai. Abin da ya karya su ba soja ba ne. Mutanen gari ne, da matan da suka kafa kwamitin neman a buɗe makarantu suna bi gida-gida, suka tara sa hannu aka yi wa 'yan majalisar kiranye. Ranar 25 ga Mayu aka tsige ukun nan, ukun masu sassauci suka tsira da kujerunsu, a watan Agusta makarantu suka buɗe.

To idan mai sharhi ya ce "hukumar makarantar" Little Rock ta yi kaza, wacce yake nufi? Wadda ta tsara shirin, ko wadda ta roƙi a ɗage, ko ukun da suka kori malamai, ko firinsifal ɗin da aka kora?

Ina ganin alheri a tsarin da uba zai iya miƙewa a zaman majalisa ya tambayi wanda ya zaɓa ina kuɗin gyaran rufin aji, ya kuma san zai iya kayar da shi a zaɓe na gaba. Mu nan gwamna ne ke naɗa kwamishinan ilimi da shugabannin hukumomin makarantu na jiha, kuma fushin iyaye yakan ƙare a kan firinsifal, wanda ba shi da ikon ɗaukar malamin lissafi ko kewaye makaranta da katanga. Amma ba na cikin masu yi wa tsarin Amurka kirari ido rufe. Zaɓen majalisar makarantu 'yan kaɗan ne ke fitowa, don haka ƙaramar ƙungiya mai zafin ra'ayi kan iya kwashe kujeru. Dogaro da harajin gidaje kuma ya sa gundumar masu kuɗi ke iya tara wa ɗalibinta abin da ta talakawa ba za ta iya ba, kuma a 1973, a shari'ar da ta taso daga San Antonio ta jihar Texas, alƙalai biyar cikin tara na Kotun Ƙoli suka ce wannan bambanci bai saɓa wa kundin tsarin mulkin tarayya ba. Ban taɓa gamsuwa da wannan hukunci ba.

Kuma ba ko'ina ake zaɓe ba. Jihar Hawaii gunduma ɗaya ce gaba ɗayanta. A birnin New York tun 2002 magajin gari ne ke naɗa shugaban makarantu. Chicago sai a Nuwamban 2024 ta fara zaɓen wasu daga cikin 'yan majalisarta. Ita kanta Little Rock, a 2015 gwamnatin Arkansas ta rushe majalisar gundumar ta karɓe ragama saboda rashin ƙoƙarin wasu makarantu shida, sai a ƙarshen 2020 mutanen birnin suka sake zaɓen tasu.