Abin da Ƙa'ida Ta Tanada kan Hayaƙin Garin Sinadari Idan Ya Kama Wuta

A kasuwannin Maradi ana sayar da garin maganin iri da na ƙwari a ƙulle cikin leda, babu suna babu takarda, kuma mai saye zai iya tunanin barbaɗa kaɗan a garwashi don ya gane ƙarfinsa daga warin hayaƙin. Yin haka yana da haɗari ƙwarai, kuma ba haka ƙa'ida ta tsara sanin abin da gari ke fitarwa ba.

Tsarin GHS na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato tsarin bai ɗaya na rarraba sinadarai bisa haɗarinsu da yi musu alama, wanda aka fara bugawa a 2003, ya tanadi cewa sinadari mai haɗari ya zo da takardar bayanin kariya mai sassa 16. Sashe na 5 yana faɗin iskar gubar da ke tashi idan gobara ta kama kayan da yadda za a kashe wutar, sashe na 10 kuma yana bayyana abin da sinadarin ke rikiɗewa ya zama idan zafi ya ruguza shi. Nauyin cike waɗannan sassa yana wuyan kamfanin da ya haɗa kayan ko wanda ya shigo da su.

Ana samun bayanin ne daga sanin abubuwan da aka haɗa garin da su, ko kuma a ɗakin gwaje-gwaje, inda ake ɗumama ɗan mitsitsin gari cikin rufaffiyar na'ura, a bi da hayaƙin ta wata na'urar da ke tantance kowace iska. Garin da ke ɗauke da farar wuta yana fitar da iska mai shaƙe maƙogwaro, mai kulorin yana iya fitar da iskar guba mai suna fosjin, wadda illarta ga huhu kan jinkirta sa'o'i kafin ta bayyana, ga kuma kabon monoksaid da ba ta da wari ko kaɗan. Saboda haka hanci ba zai taɓa zama ma'auni ba.

Game da magungunan gona, Nijar tana bin dokar bai ɗaya ta ƙasashen CILSS, ƙungiyar yaƙi da fari a yankin Sahel, wadda ta ce sai Kwamitin Sahel kan Magungunan Ƙwari ya amince da magani kafin a sayar da shi. A ganina matsalar Maradi tana nan ne: da zarar an juye gari daga kwalinsa zuwa leda, duk wannan bayani ya ɓace, har likitan da za a kai wa wanda ya shaƙi hayaƙin ba zai san da wace guba yake fama ba. Wanda ke da irin wannan gari a gida kada ya ƙone shi ko ledarsa. Ya nemi shawarar ma'aikatan gidan gona masu kula da kare tsirrai.