Ka Matse Kuloci Amma Babur Bai Tsaya Ba? Kada Ka Ce Tsufa Ne

Makon jiya aka kawo mana wata baiwar Allah asibiti da ƙunar salansa a ƙwauri, faɗin tafin hannu. Tana ƙoƙarin hawa bayan maigidanta ne da goyo, shi kuwa ya matse kuloci ya saka giya ta ɗaya, sai babur ɗin ya zabura. Da na tambaye shi, ya ce babur ɗin ya daɗe yana yi masa haka, tsufa ne. Malam, kulocin ne ba ya saki, kuma sau da yawa gyaransa bai kai kuɗin maganin da ya saya ranar ba.

Ni ma da tsohon babur nake zagaya ƙauyuka aikin rigakafi, don haka na san alamun. Ka matse hannun kuloci har ƙarshe amma babur yana jan ciki gaba. Giya tana shiga da ƙarar "ƙwas", firi ya ƙi samuwa sai ka kashe injin, ko kuma babur ya mutu da zarar ka taka giya.

A babura irin su Boxer da CG 125, kuloci faya-faye ne a jere cikin baƙin mai, sifirin ya matse su wuri ɗaya. Idan ka matse hannu, waya ce take ja ta raba su da 'yar tazara. Duk abin da ya hana wannan rabuwa, inji zai ci gaba da jan taya.

Fara da wayar, don a nan matsalar ta fi kwanciya, kuma ba ta buƙatar a buɗe inji. Taɓa hannun kulocin a hankali ka ga iya wasan da yake yi kafin ya fara nauyi. A bakin hannun, wasan ya kamata ya tsaya tsakanin milimita 10 zuwa 20, kamar faɗin yatsa. Idan ya wuce haka, waya ta miƙe, rabin matsar da kake yi a banza take tafiya. Akwai abin murɗawa a gindin hannun, akwai kuma noti biyu a ƙasa kusa da inji. Sassauta, ɗame wayar kaɗan, gwada, ka sake ɗaurewa. Amma ina roƙonka kada ka ɗame ta tamau har wasan ya ɓace, domin a nan kuloci zai riƙa sulɓewa ya ƙone faya-fayen. Duba kuma inda wayar ta shiga hannun. In ka ga silin ƙarfe sun fara tsittsinkewa kamar bakin tsohuwar tsintsiya, canza ta yau, kada ka jira ta tsinke maka a tsakiyar kasuwa. Wadda ƙurar hunturu ta busar kuwa, ɗiga mata mai ta sama har ya fito ta ƙasa.

Babur da aka jingine watanni, faya-fayensa kan manne da juna. Kada ka tayar da shi ka banka giya a cikin gida inda yara ke wasa. Bar injin a kashe, saka giya ta biyu, matse kuloci, ka riƙa tura shi gaba da baya har ka ji ya saki. In ya ƙi, dumama injin a firi na 'yan mintoci, kashe, ka sake.

Baƙin mai ma yana da hannu. Wanda ya tsufa ya yi kauri, ko aka cika shi fiye da ƙima, yana riƙe faya-fayen, musamman da sanyin asuba. Zuba na babur, mai alamar JASO MA a jikin robar.

Idan duk wannan bai yi ba, sai bakanike. Tsaya a kansa ya buɗe. Ya ɗora faya-fayen ƙarfen a kan gilashi, wanda zafi ya lanƙwasa ba zai kwanta daidai ba. Ya shafa haƙoran kwandon kulocin, wato gidan da faya-fayen ke zaune a ciki, in sun yi zabga-zabga a nan faya-fayen ke maƙalewa. Sababbin faya-faye kuma a jiƙa su a baƙin mai kafin a ɗaura.

Kafin ka samu gyara, kowa zai hau ko zai sauka, babur ya kasance a firi, ƙafarka a kan birki. In kuma tsautsayi ya gitta salansa ta ƙona wani, a zuba ruwa mai sanyi a wurin na tsawon minti 20, a rufe da tsumma mai tsabta, a kawo shi asibiti. Kada a shafa baƙin mai, ko man goge baki, ko ɗanyen ƙwai. Matar nan baƙin mai aka shafa mata, sai da muka daɗe muna wankewa tana hawaye kafin mu ga girman ciwon.